Fayil Mai Rantsuwa

"Saba shida, manyan kwamfutocin jarrabawa, duk sun ƙi tashi!" Injiniya Salamatu ta daka wa abokin aikinta Ubaidullah tsawa. Ga ɗalibai cike da cibiyarsu ta Wudil suna jiran jarrabawa.

Shi ya zaɓi fayil ɗin manhajar da aka loda wa sabobin gaba ɗaya. Ta duba sunayen fayilolin da ya zaɓa daga ciki, ta yamutsa fuska: Ƙarshe. Ƙarshen gaske. Ƙarshe wallahi.

"Tir! Wane ƙazami ke sa suna haka, ba lamba ba kwanan wata? Kai kuma ka ɗauko 'Ƙarshe wallahi', lalatacce, ko gwadawa babu!"

"Na ga an rantse ne, Hajiya."

"Uban wa ya rantse?"

Ya nuna mata sunan wanda ya ajiye fayil ɗin bara.

"Ke ce. Shi ya sa ban gwada ba."