Tsohon Matuƙi a Kochi

A karo na uku tun safe, Thenmozhi ta tsaya a ƙofar banɗaki tana jin mahaifinta yana kakarin amai.

"Appa, ko iska babu fa. Teku kamar faranti."

"Abincinsu ne," in ji Velusamy daga ciki. "Komai man shanu."

Shekara biyu ta yi tana shirya tafiyar nan. Ta roƙi hutun kwana tara daga asibitin da take aikin jinya a Bengaluru, ta je ƙauye kusa da Dindigul ta ɗauko tsohon, suka hau jirgin sama zuwa Mumbai, daga nan suka shiga wannan ƙaton jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido. Ba haka kawai ta zaɓi hanyar ba. Mumbai, Goa, Mangaluru, Kochi, Colombo: garuruwan da ta tashi tana jin sunayensu ke nan. Shekara ashirin da shida mahaifinta yana aikin jirgin kaya, sau biyu yake zuwa gida a shekara, da hannuwa duk sun tsattsage da bakin da ba ya gajiya da labari. Tun da mahaifiyarta ta rasu bakin ya mutu. So take ya sake buɗewa.

A Mumbai ta ce ya kai ta wurin mai shayin nan da yake cewa yana sa citta har ido ya kawo ruwa. Suka yi awa biyu suna zagaye cikin rana. Ya ce gari ya canza.

A Goa ta nuna masa ganuwar da ke kan tudu, wadda ya sha ce mata daga teku ake fara hango ta. Ya tsaya yana kallon ganuwar baki buɗe, har ya nemi ta ɗauke shi hoto. Da wani fasinja ya ji tsohon ma'aikacin jirgi ne ya matso da tambayoyi, sai Velusamy ya ce kansa na ciwo, ya koma ɗaki.

A Mangaluru ko sauka bai yi ba.

Thenmozhi ta sha ganin irin wannan a asibiti. Da haka yake farawa, mutum ya manta hanya, ya manta suna, ya riƙa ɓoyewa da fushi. Ta zauna a gefen gado tana yi masa tambayoyin da suke yi wa tsofaffi, yau wace rana, ƙirga baya daga ɗari. Ya amsa duka ba gargada, ya kuma ce ta daina mayar da shi yaro. Wannan ya fi ƙona mata rai. In hankalinsa ƙalau yake, to ita ce ba ya son yi wa magana ke nan.

Da jirgi ya tsaya a Kochi ya ja bargo ya juya wa taga baya.

"Je ki ke kaɗai, Thenu. Ba abin gani a nan."

"Kai ka ce duk duniya babu kifi irin na Kochi."

"Ni na ce?"

"Appa, tashi. In ba ka sauka yau ba, ni ma na gama. Gobe mu nemi jirgin ƙasa mu koma gida, kowa ya huta."

Ya tashi. Ya sa hular hana rana ya ja ta har gira.

Abin mamaki, ƙafarsa na taɓa ƙasa ya zama wani mutum. Mai keke-napep ya so ya bi da su doguwar hanya, Velusamy ya wanke shi tas da yaren garin, har mutumin ya yi dariya ya ba da haƙuri. Ya san lungun masu barkono, ya san inda masunta ke sauke tarunsu, ya san lokacin da ruwa ke janyewa. Thenmozhi ta bi shi a baya tana share ido da gefen mayafi. Ashe da sauransa.

A hanyar dawowa abin ya sake lalacewa. Lokacin maganinsa na sukari ya yi, kuma ba a shan sa da yunwa. Dab da ƙofar tashar akwai wani tsohon gidan abinci, ƙamshin soyayyen kifi da man kwakwa har titi. Velusamy ya ce su tsallaka ɗaya gefen. Ya ce wurin ba tsabta. Ya ce za su ci a jirgi.

"Abincin da kake amayarwa?" Ta kama hannunsa. "Na gaji, Appa. Shiga."

Ba su kai ga zama ba wani tsoho mai farin gemu ya miƙe daga bayan teburin karɓar kuɗi, ya ƙura ido, ya saki ihu.

"Velu! Kai ne? Ashe kana raye, ɗan banza!"

Ya rungume shi yana bubbuga masa baya. Velusamy ya tsaya ƙiƙam, idonsa a ƙasa.

"Jirgi ɗaya kuka yi aiki, Kawu?" in ji Thenmozhi, murna ta cika ta.

"Jirgi?" Tsohon ya kwashe da dariya, ya nuna ƙofar kicin. "'Yata, shekara ashirin da shida babanki ya yi a bayan can yana wanke mana tukwane, duk matuƙin da ya zauna cin abinci sai ya tatse shi labarin garuruwa, amma ko kwalekwalen tsallaka mashigin nan ban taɓa ganin ya yarda ya shiga ba."