Mashin da Ya Ƙare a Jikin Kuka

Zauna, Sallau, miƙo ƙafar nan mu gani. Kai! Wannan gwiwar za ka kai fili gobe? Ta tashi kamar ƙullin da ya kwana. Likita ya ce ka huta har ta sace, kai kuma ka ce in ka huta koci zai ba wani rigarka, abokan ƙwallo su ce tsoro ka ji. Ko shekaranjiya na ji a rediyo likitocin 'yan wasa sun yi taro, suna ta nanata cewa atisaye ba hutu ya fi wasan kansa cin jiki. Gaskiya suka faɗa. Bari baffanka ya ba ka misali da abin da idonsa ya gani.

Muna samari, dambe lokaci gare shi. Sai an yi girbi an cika rumbu, sannan kalangu ya fara kira da la'asar. Allah sarki, zamani! Mai tsire na fifita wuta a bakin fili, 'yan mata da farantan gyaɗa, tsofaffi a kan buzu suna gardamar damben da aka yi tun ba a haife mu ba. Da ruwan farko ya sauka kuwa, kowa ya kwance igiyar hannunsa ya ɗauki fartanya, makaɗa su rataye kalangu. Wallahi ina kewar kwanakin nan.

To, a lokacin akwai 'yan dambe biyu da ba a san gwani a cikinsu ba. Ɗaya namu ne, ɗan mahauta. Hannunsa na dama, wanda 'yan dambe ke ce wa mashi, in ya sauka a kan mutum sai ƙasa. Ɗayan daga ƙetaren gulbi yake. Suka haɗu a ƙarshen wata kaka, ba wanda ya kayar da wani, kowa ya tafi gida da kumburarren wuyan hannu. Aka ce kaka mai zuwa a raba gardama.

Na ƙetare ya je wurin mai ɗori, aka ɗaure masa hannu ya rataya a wuya. Duk garin da aka gayyace shi sai ya ce a yi haƙuri. Ba irin gorin da bai sha ba. Har a waƙar gaɗa 'yan mata suka sa shi, wai zakaran ƙetare ya koma kaza. Shi dai ya ci gaba da jinyar hannunsa. Sai da dawa ta fara fitar da kai, hannu ya warke sarai, sannan ya koma motsa jiki a hankali.

Namu kuwa da ya ji waƙar nan, sai tsoron a sa shi a irinta ya fi masa ciwon hannu zafi. Ya ƙi kwance igiya. Akwai wata kuka a bayan mahauta, safe da yamma yana can yana dukanta, har ɓawonta ya saɓule. Sarkin pawa ya ce masa, "Ɗan nan, kwance hannun nan ya sha iska." Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na kwance a ce me?" Damina ta ƙare a kansa yana duka. Barci ya guje shi, tuwo ya daina masa daɗi, ya rame, abu kaɗan sai faɗa. Mutanen gari kuwa sai zuga shi suke, wai zuciya ce irin ta maza.

Rana ta zo, fili ya cika ba masaka tsinke. Makaɗi ya saki takensa, namu ya yi kirari ya yo kan abokin karawarsa. Na ƙetare ya ja da baya taku guda. Jama'a suka ɗauki ihu, "Ya gudu! Ya gudu!" Mashin namu ya sauka a kafaɗar na ƙetare, muka ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Namu ya durƙusa riƙe da hannu. A dambe kuwa, gwiwa ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Na ƙetare ko naushi ɗaya bai kai ba. Shi ne ma ya tsuguna ya kwance masa igiyar da hannunsa, yana yi masa sannu.

Hannun nan bai sake riƙe wuƙa ba, balle dambe. A teburin naman ƙanensa ya tsufa, yana korar ƙuda da hagu. In makaɗa sun zo wucewa sukan taɓa masa takensa don girmamawa, sai ka ga ya kama damansa da hagunsa ya sunkuyar da kai. Duk lokacin da na ga haka sai idona ya kawo ruwa. Na ƙetare ya yi shekaru yana dambe, har 'yan matan da suka yi masa waƙa suka aurar da 'ya'yansu. Kukar ma tana nan, ta mayar da ɓawonta, ka je ka duba.

To, Sallau, riga in ta tafi tana dawowa, amma ban san kasuwar da ake sayar da gwiwa ba. Bar su su yi ta ihu, kai dai ka miƙe ƙafarka ka zauna. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.