Tallar Jam'iyya Bayan La'asar

Hure na cikin takaba, amma kullum bayan la'asar sai ta kunna rediyo ta saurari tallar jam'iyya.

Yau yayanta Sha'aban ya fizge rediyon. "Haba Hure! Mutanen da suka bar asibitinmu ba ko allura har mijinki ya rasu, su kike saurare?"

"Yaya, don Allah ƙara murya."

Sai ga wani manomi yana cewa, "Alhamdu lillahi, asibitinmu ya cika da magani." Muryar marigayi Tasi'u ce, mijin Hure, wadda 'yan jam'iyyar suka naɗa bara, ranar rabon taki.

Hure ta karɓe rediyon ta rungume. "Jibi zaɓe, Yaya. Daga nan sun daina sa shi. A ina zan ƙara jin sa?"