Mai Amsa Sallama

Tun shekarar da aka hana masunci shiga ruwa shi kaɗai, injin lantarkin kwalekwale ba ya tashi sai wani ya yi sallama, wani ya amsa. Tsoho Tunau bai taɓa damuwa da dokar ba, domin ƙanensa Arzika kullum yana zaune a goshin jirgi. Yau kwana arba'in da binne Arzika.

Da hantsi Tunau ya kwance farfela, ya zare igiyar ragar kamun kifi da ta nannaɗe ta, ya kankare tsatsar kan batir da wuƙa. Injin ko motsi. Sai ya kira Makau mai gyara a waya.

"Baba, wutar jikin injin koriya ce ko ja?"

"Koriya."

"To, lafiyarsa lau. Mutum na biyu yake jira."

Tunau ya dubi jiragen da ke kife a kan yashi. "Masunta duk sun koma birni. Amsa mini mana, ɗana."

"Ba ya karɓar muryar waya, Baba."

Tunau ya daɗe a zaune, ga gida babu ko busasshen kifi. Can ya yi sallama, ya taka zuwa goshin jirgi, ya zauna a gurbin ƙanensa, ya amsa da irin jan muryar marigayin.

Farfela ta juya.

"Barka da dawowa, Arzika," in ji injin. "Kwana biyu."

Tunau ya buɗe baki zai gyara masa, sai ya fasa.

"Wallahi kuwa," ya ce.