Ladan da Ranar Tsibiri

Tunda ka ce kai kunyar tsayar da mutum kake ji ka tambaye shi, gyara zama in ba ka labarin wani ladan.

Shekara talatin da 'yan kai yana kiran salla a masallacin unguwarsu, bai taɓa ɗaura agogo ba. Ƙofar masallaci yake fita ya dubi inuwarsa, ya auna ta da tafin ƙafa, ya ce lokaci ya yi, masu agogo su duba su ga haka ne. Abin nan fa ya shiga kansa. In ya ga mutum yana leƙen tsintsiyar hannu sai ya yi murmushi ya ce Allah ya rataya wa kowa agogo a sama, rago ne ke sayen na kanti. Ana nan sai 'yarsa mai aikin jinya a Turai ta gayyace su shi da matarsa, ta sa su a irin jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido, wanda ke cin mutanen unguwa guda, ita kuma ta koma bakin aikinta. Wata safiya jirgin ya tsaya a babban birnin wani ɗan tsibiri can ƙuryar arewa, birnin da kasuwar ƙauyenmu ta fi shi hayaniya. Aka sanar cewa kowa ya dawo kafin ƙarfe biyar na yamma, don jirgi ba ya jiran kowa. Matar tana fama da gwiwa, ta ce ita ba inda za ta. Ta miƙa masa waya ya riƙa duba lokaci, gogan naka ya ajiye ta a kan gado, ya rataya katin jirgi a wuya ya sauka.

Garin kuwa ya yi masa daɗi. Gidajen katako ja da baƙi, ga ciyawa kore shar a kan rufi, har ya yi dariya shi kaɗai, don a garinsu in ciyawa ta tsiro a kan soro maigida ake zagi. Ya ga kifi rataye yana shan iska, ya ga tumaki masu gashi har ƙasa, ya bi su da ido yana kiyasta wanda zai yi layya. Ya kama wata siririyar hanya ya yi ta hawa tudu. Lissafinsa mai sauƙi ne: a garinsu a wannan watan, da rana ta take tsaka inuwar mutum ƙarƙashin ƙafarsa take shigewa, to da ta shige sai ya juya, ya yi azahar a jirgi, su ci abinci da matarsa. Abin da bai sani ba, rana a tsibirin nan ba ta hawa tsakar ka. Rakuɓewa take yi ta gefen sama tana zagaye, ga gajimare yana rufe ta yana buɗewa, ga kwane-kwanen hanya sun ɓatar masa da gabas. Duk sanda ya duba sai ya ga inuwarsa miƙe a gefe, ya ce har yanzu hantsi ne. Cikinsa ya yi ƙugi, ya ɗora wa sanyi laifi. Masu kati a wuya irin nasa suka ɓace daga hanya, ya ce ragwaye ne, sun gaji.

Can sai ya wuce wata tsohuwa zaune a ƙofar gidanta tana saƙar ulu. Ta dubi katin wuyansa, ta dubi wajen teku, ta sake dubansa. Ya yi gaba taku goma, kallon nan ya ƙi barin zuciyarsa. Wallahi komawar nan ta fi masa hawan tudun wuya, mutumin da shekara talatin shi ake tambaya! Amma ya haɗiye girman kai ya dawo, ya ɗan rusuna, ya ƙwanƙwasa tsintsiyar hannunsa da yatsa. Ta juyo masa da agogonta: biyar saura kwata. Salati ya kufce masa. Ba kansa ya fara tunawa ba, matarsa ya tuna, zaune ta rufe masa abinci tana jira, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, jirgi zai yi tsakiyar teku da ita ita kaɗai. Tsohuwa ba ta tsaya dogon zance ba. Ta yar da saƙa, ta tura shi cikin wata tsohuwar mota mai ƙarnin kifi, ta gangaro tudun nan da gudun da bai taɓa zaton mai furfura za ta yi ba. Suna isa jirgi na busa ƙaho, ma'aikata sun fara kwance matakala. Ko godiyar kirki bai samu ya yi ba, hannu kawai ya ɗaga mata, ta kore shi da nata hannun tana dariya.

A saman matakala ya tarar da matarsa, ta lallaɓo da gwiwar nan tata, idanu sun yi ja. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ga lafiyarsa ƙalau, ta yi ajiyar zuciya, sannan ta ce, "Malam, agogon naku na sama ne ya tsaya?" Ya wuce ciki ya yi alwala ya haɗa azahar da la'asar irin na matafiyi, ya daɗe a sujada, ya tashi jikinsa sakayau, yana ta hamdala.

Har gobe yana auna inuwa a ƙofar masallacinsu, don ranar gida ba ta taɓa ba shi kunya ba. Amma in ya sauka a baƙon gari, ko da Gumel ce, kafin ya ajiye jaka ya tambayi lokaci da alƙibla. Kai ma in ka je inda za ka, ka buɗe baki. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce matambayi ba ya ɓata.