Ajin Malam Raji

Raji ya tsaya a ƙofar wata makaranta a Fagge yana bitar abin da zai faɗa. Shekara biyu ke nan da ya gama jami'a a Ibadan da tallafin gwamnati, bisa sharaɗin zai dawo ya koyar a nan shekara biyar. Tsohon malaminsa, Malam Maje, shi ya tsaya masa ya sa hannu. Amma da wani kamfani a Ikko ya yi masa tayin aiki, sai ya bi, ko wasiƙa bai aiko ba.

Yau gafara kawai ya zo nema. Gobe zai bi jirgin ƙasa ya koma.

"Ina gidan Malam Maje?" ya tambayi maigadi. "Na ji ya yi ritaya."

"Ya yi, amma ya dawo. Yana aji huɗu."

Raji ya leƙa. Tsohon na dafe da tebur, alli a hannunsa. Da suka haɗa ido bai yi faɗa ba, sai ya juya wajen yara.

"Ban ce muku yana hanya ba? Ku tashi."

Yara arba'in suka miƙe. "Sannu da zuwa, Malam Raji!"

"Malam, ni fa na zo ne..."

"Kullum sai na gaya musu riƙon ƙwarya nake yi maka." Ya miƙo masa allin. "Karɓi, ƙafafuna sun gaji. Muna shafi na tara."