Fim ɗin Ƙarshe

"Fim ya ƙare, Mma," in ji Dokta Frederick, idonsa a kan tebur.

Wasilatu ba ta yi gardama ba. Tun daga ƙauyen Gbalahi ta tallabo mijinta Mamudu, mutumin da a da yake kai buhun masara kasuwa a kafaɗa, yanzu ko takalminsa sai an sa masa.

A shekarar 1987 na'urar hoton ciki ɗaya ce a asibitin, tsohuwa, kyautar wasu 'yan mishan. Frederick ya ɗora ta a kan cikin Mamudu ya ga abin da ya gani: ƙullutu mai ruwa a jikin fankiriyas, tsokar nan da ke kwance bayan tumbi. Bangonsa da kauri, da wani tsiro a ciki. Irinsa ne ke rikiɗewa ya zama ciwon daji. Amma likitocin Accra ba sa ba da gadon tiyata da maganar baki, sai sun ga hoto a kan fim.

"Yaushe wani zai zo, Dokta?"

"Muna jira."

Ta yi masa godiya, har da durƙusawa.

Ba ƙarya ya yi ba. Fim ya ƙare. Abin da bai faɗa ba shi ne, jiya da yamma akwai saura ɗaya, kuma ya san Mamudu na tafe. Wani ne ya ci shi, mutumin da bai bi layi ba, wanda aka gano irin wannan ƙullutun a cikinsa, tsoro ya hana shi jira.

Damina ta wuce fim bai zo ba. Frederick ya daina bi ta hanyar Gbalahi. Ya ƙara huda ɗamarar wandonsa, ba wanda ya lura, don kowa a rame yake a shekarun nan. Ranar da aka binne Mamudu, Wasilatu ta aiko masa da gaisuwa, wai Allah ya saka masa da ƙoƙarin da ya yi.

Bayan nan Dokta Joana, malamarsa a makarantar likita, ta zo daga Accra duba asibitocin arewa. Ya miƙa mata hoton da aka ɗauka da fim ɗin ƙarshen nan. Ta ɗaga shi a hasken taga, ta juya shi.

"Wa ya ɗauki wannan? A karkace yake, kamar hannun mutumin bai kai ba."

"Ni ne, Madam."

Ta daɗe tana dubawa. "Bango siriri, ba tsiro, ruwa ne zalla. Wannan ba zai taɓa shi ba, sai dai tsufa. Da ma wani ka ba fim ɗin. Je ka yi masa albishir."

Frederick bai motsa daga kujerar ba. Albishir ya riga ya isa ga mai shi, tunda a kan nasa cikin ya ɗora na'urar da yammacin nan.